Dabaibayi a Ƙafar Keke

"Kashe shi! Gajere, don girman Allah kashe abin nan, kajina sun watse!"

Ni ce nake ihu ta kan danga da muciya a hannu, amma wa zai ji ni? Gajere mai gyaran keke ya ɗage ƙafar gaba ta keken maƙwabcina Rissa, injin da ya gama ɗaura masa yana kuka yana fesa hayaƙi. Rissa na tsugune gefe, rawani ya rufe masa baki, idanunsa kaɗai ke dariya. Tun da ya sauka bayan gidanmu ban taɓa ganin wannan dariyar ba.

Shekarar fari ce ta kawo mana su nan Tanout, shi da matarsa Bintu, a ƙasa, daga tabarma sai butar shayi. Mai raƙuma ne, an ce garke guda, duk suka faɗi a hanya. Saura taguwa ɗaya, ita ma raƙumar ya bar ta wurin ƙanensa Aghali can wajen Tenhya. Ya samu gadi a siton wani ɗan kasuwa, ya lallaɓa ya sayi tsohon keke. Sai kuma ga wannan masifa da ya sa aka kawo masa daga Damagaram cikin kwali.

Gajere ya kashe injin, ya goge hannu a wando. "Rissa, ka saurare ni. Ka ga wannan ɗan dutsen? Shi ke gugar taya, keke ya tafi. A ƙasa mai tauri ba ka da damuwa, ba ya shan mai, in ya mutu ka taka da ƙafa. Amma rairayi in ya shiga tsakaninsu, tayar zai cinye. Da ka tambaye ni kafin ka saya, da na ce ka ƙara haƙuri ka samu ɗan babur, mobilet. Wannan na cikin gari ne."

"Ko jaki," na ce. "Jaki ba ya hayaƙi."

Rissa ya shafa sirdin. "Hajjo, ke ba ki san tafiya ba."

Haka ne, ban sani ba. Amma na san hauka in na gan ta, kuma na gan ta da yammacin ranar. Na leƙa neman kazata, na tarar ya lulluɓe injin da bargo, yana ɗaure ƙafar keken da igiyar da ya tufka da hannunsa, irin ɗaurin da ake yi wa raƙumi.

"Iko sai Allah! Dabaibayi ka yi masa? Kiwo zai tafi?"

Na zaci zai yi dariya, sai ya ci gaba da ƙulla igiyar. "Hannu ya saba," ya ce. Can ya ƙara da cewa, "Shekarar farin nan, duk raƙumin da ya durƙushe ya kasa tashi, ni nake kwance masa igiya in juya baya. Suna kallona, Hajjo. Ba na ƙara barin abina a daji."

Na koma gida ba kazar, tausayinsa ya hana ni cin tuwo.

Tsakiyar bazara saƙo ya zo da masu kawo cuku kasuwa: taguwa ta haihu, mace. Haihuwar farko ke nan tun shekarar fari. Aghali ya ce Rissa ya zo ya gani kafin ruwa ya sauka su tashi arewa. Mai sito ya ba shi ƴan kwanaki, ba su isa tafiyar ƙasa ba, kamyo kuma, babbar motar kaya, sai ranar kasuwa. Rissa bai ko yi shawara da kowa ba.

Da sassafe ina shara ya fito da keken. Bintu ta kawo salka cike da ruwa, ya ɗaura a baya, ga jarkar mai, ga sukari da ganyen shayi na tsaraba. Ya hau, injin ya yi gurnani, ƙafar baya ta nutse cikin yashin ƙofar gida. Ya sauko ya duba kayan. Ya kwance salkar ya miƙa mata, ya ɗauki ɗan gora ya rataya a kafaɗa.

Na yar da tsintsiya. "Rissa! Ruwan za ka bari ka ɗauki mai? A wannan rana? Kai da aka haifa a daji?"

"Shi ne mai ƙishi yanzu," ya ce, yana nuna injin. "Tafiyar ta zama ta yini ɗaya. Kafin goran nan ya ƙare ina shan nono."

"To ka bi hanyar mota. Ka ji ko?"

"Hanyar mota zagaye take yi. Na san inda muke yankewa."

Su Bintu ba sa jayayya da miji gaban mutane. Tana rungume da salkar, ruwa na jiƙa mata zane, har ƙarar injin ta ɓace bayan rumbuna.

Ranar da ya kamata ya dawo ta wuce. Bintu ta ce daɗin nono ne ya riƙe shi, ni ma na ce haka. Mai sito ya aiko, muka ba da haƙuri. Ranar kasuwa da azahar, muna zaune ni da ita muna tsince gero, sai ga raƙumi ya durƙusa a ƙofa. Aghali ne, da ƙullin cuku a hannu. Ya gaishe mu, gaisuwarsu mai tsawo, sannan ya waiga.

"Ina yayana? Ko saƙona bai iso ba?"

Faifan ya suɓuce daga cinyar Bintu. Ni kuwa salati na saka, na ruga ina kiran mai gidana.

Su uku suka tafi, mai gidana da Aghali da Gajere, a kan raƙuman aro. Abin da zan faɗa yanzu daga bakin mai gidana na ji shi. Ruwa bai sauka ba, sawu na nan. Aghali ya bi shi har inda keken ya saki hanyar mota ya shiga jigawa, ta tsohuwar hanyar raƙuma. Da farko layin taya ne kaɗai. Gaba kaɗan suka ga ɓarɓashin baƙar roba a kan yashi, Gajere ya sauka ya ɗiba. Daga nan sai sawun ƙafa a gefen layin, yana turawa. Sannan layin ya ɓace gaba ɗaya, sawun ƙafar ya ƙara zurfi. A ka ya ɗauki keken.

Sun sami Rissa ƙarƙashin wata aduwa, ya kwanta ya fuskanci gabas, goran a bushe. Rawaninsa ba ya kansa, ya lulluɓe injin da shi. Aghali ya hau tudu ya nuna musu wasu itatuwa can gaba, ana hango su da ido. Rijiya ce, da mutane a bakinta. Ya ce da Rissa hannu sake yake tafe, da ya kai tun rana ba ta yi zafi ba.

Nan suka yi masa sutura, don ba halin ɗauko shi. Wallahi da na ji, haushi ya riga kuka zuwa. Na zage shi a zuciyata, na zagi wanda ya ƙera injin da wanda ya sa shi a kwali, sannan na zauna a bakin murhu na yi kukan har muryata ta dushe.

Keken suka ɗoro a kan raƙumi. Gajere ya sauke shi ya jingina da dangarmu, tayar gaba a yage. Ya ce wa Bintu in ta yarda zai cire injin ya nema mata mai saye. Ta girgiza kai. Aghali ya ce in ta gama takaba zai zo ya tafi da ita, taguwar da ƴarta nata ne.

Da la'asar masu gaisuwa suka ragu. Na kai mata kunu, na same ta tsugune gaban keken. Igiyar na nan a ƙafarsa yadda Rissa ya ƙulla ta a gindin aduwar. Ta daɗe tana taɓa ƙullin da yatsa, kamar za ta kwance. Sai ta bar shi, ta tashi ta jawo keken cikin inuwa.