Masarar da Hankaka Ya Ƙi

Karo na uku ke nan hankakan ya ɗauki ƙwayar masara ya yar. Baba Tsado ya sauke kyamara daga idonsa. Shekara biyu tun da ya yi ritaya yake zuba wa tsuntsaye hatsi a faranti a bayan gidansa na Dutsen Kura, yana ɗaukar su hoto, kuma bai taɓa ganin wannan ɓarawon ya raina abinci ba. Tsuntsun da ke buɗe murfin bokiti da baki, yau ya koma kan katanga ya yi tsit. Kurciyoyi ne suka sauko, su da ba su san bincike ba, suka cika ciki.

Shirun nan bai kwanta wa Tsado a rai ba. Ya buɗe hoton ƙarshe ya ƙara masa girma. Hankakan yana goge baki a jikin bulo, ƙwayoyin farantin kuma da wani farin gari a jikinsu. Yana ɗagowa wata kurciya ta tashi, ta bugi igiyar shanya, ta faɗo tana juyi a ƙasa.

Sai a lokacin ya tuna. Jiya ƙaninsa Yisa ya kawo masara buhu biyu daga gonarsu ta Maikunkele, ya ce ɗaya na ci ne, ɗaya iri ne da ya barbaɗe da maganin ƙwari, a ajiye masa sai damina. Tsado ya ce to, idonsa na kan katanga. Bai tambayi wanne ne wanne ba, bai kuma gaya wa matarsa Rose ba. Ya ƙwala wa Rose kira.

"Maman Samuel, wane buhu kika buɗe jiya?"

"Na bakin ƙofa mana," ta amsa daga kicin. "Wanda ka ɗebar wa 'ya'yan naka masu fiffike."

"Kin kai niƙa?"

Ta fito tana gyara zani, da kofi a hannu. "Tun jiya da yamma. Ga kununka can ya huce, kana ta gadin hankaka." Ta ɗan taɓe baki. "Na yau kamar da ɗaci-ɗaci, sai da na ƙara sukari."

Tsado ya leƙa kofin da ke hannunta. Babu komai a ciki sai cokali.