Kwamfutar Suruki

Ɗana Fawaz yana da shagon buga fosta a Maamobi, kusa da inda motocin haya na trotro ke juyawa. Allon shago, sitika, fostar biki, fostar suna, fostar wanda ya dawo daga Makka, duk shi ke yi. Yaro ne mai hannu, ba don ni na haife shi ba. Baki ne dai Allah bai ba shi ba. A gida yana da shi fa, in gishiri ya yi yawa a miya sai maƙwabta sun ji. Amma ka ajiye shi gaban babba, sai ya koma kamar kazar da ruwa ya daka.

Ni koko da ƙosai nake sayarwa, ban san kwamfuta ba. Abin da na sani shi ne abin da ya bayyana min. Wai injin bugawar nan mai tsawon gado ba ya cin hoto ɗanye. Sai kwamfuta ta niƙa masa tukuna, da wani abu da ke cikinta da suke ce wa rif. In ta niƙa da sauri, inji ya yi ta sha yana fitar da aiki. In ta yi nawa, inji ya tsaya yana jira, kuma duk inda ya tsaya sai layi ya fito a jikin ledar da ake bugawa a kai, aiki ya ɓaci. Na ce ashe dai gero ne da mai niƙa. Ya ce haka ne, Mma.

To, tsohuwar kwamfutarsa ta mutu bayan ƙaramar Sallah. Ta yi hayaƙi, ta yi shiru, Allah Ya ji ƙan aiki. Dole a sayi wata. A nan magana ta ɗaure, don yarinyar da Fawaz yake nema, Ruhaina, ubanta Alhaji Dramani kwamfuta yake sayarwa a Circle. Kana neman 'yar mutum, ka wuce ƙofar shagonsa ka je ka saya a wurin maƙwabcinsa? Kafin ka iso gida labari ya riga ka.

Na ce, "Ka san irin wadda kake so?"

Ya ce, "Na sani sarai, Mma." Ya lissafo min wasu sunaye kamar na maganin asibiti.

Na ce, "To ka faɗa masa haka."

Da yamma ya dawo da jaka a kafaɗa. Ya buɗe, sai ga wata siririyar laftof mai ruwan azurfa, kamar tiren da ake ba amarya. Kyakkyawa paa, ba kaɗan ba. Na ce, "Ita ce?" Ya ce Baba ne ya zaɓa, wato Alhaji. Wai Alhaji ya sauko da ita daga saman kanta da hannunsa, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ce irinta manyan ofis ke riƙewa, ya ajiye ta ne don mutum na musamman.

Na ce, "Kai kuma ka ce me?"

"Na ce na gode, Baba."

Tun daga ranar shago ya koma asibitin Maamobi, kowa zaune yana jira. Ya haɗa ta da gilashin tsohuwar kwamfutarsa na kan tebur, ita kuma ya tura ta ƙarƙashi ya kunna mata fanka, don zafi take yi kamar kaskon tuyata. Ƙaramin sitika tana yi. Amma a kawo babbar fosta, sai ta tsaya tana tunani. Maiturare, ƙawata ta makarantar Islamiyya, ta kawo fostar bikin 'yarta. Amarya ta fito da layi uku a goshi kamar an yi mata tsaga. Maiturare ta ce, "Abiba, mu fa ba ma tsaga a gidanmu." Ta naɗe kayanta ta tafi Nima wurin wani.

Abin da ya hana ni barci ba wannan ba ne. Kawun Fawaz ya je gidan Alhaji neman a sa musu ranar kawo goro, aka ce masa a ɗan dakata, ana bincike. Bincike kuwa haƙƙin uba ne, ni ma da 'yata ce sai na yi. To amma me mai bincike zai gani? Zai tsaya a tsallaken titi ya ga mutane suna fita daga shagon suna tsaki. Zai koma ya ce yaron nan ba ya riƙe sana'a. Ruhaina da kanta ta tsaya wurin kokona da safe za ta aiki, ta ce min a hankali, "Mma, an gaya wa Baba wai shagon yana mutuwa."

Na ce, "'Yata, ba za ki gaya masa abin da ke kashe shi ba?"

Ta zaro ido. "Ni? Mma, Baba ba ya kuskure. Sai dai kaya su yi kuskure bayan sun bar hannunsa."

Na ce wa Fawaz ya mayar. Ya ce gara ya rufe shagon ya koma tura baro. Ni ma ba zan iya zuwa in ce wa Alhaji kayansa ba su da kyau ba. Mu ne masu roƙo, mai roƙo ba ya kushe ƙwaryar mai gida. Na yi alwala, na yi nafila, na ce Ya Rabbi Kai Ka san ban iya ƙarya ba, Ka nuna min hanyar da babu ita a ciki.

Ran Talata na gama tuya da wuri, na sa mayafina mai kyau, na hau trotro zuwa Circle. Na je gaisuwa ne kawai. Alhaji ya sa aka kawo min kujera da ruwan sanyi. Muka gaisa, muka tambayi gida, muka yi maganar tsadar gawayi. Da zan tafi na tsaya a ƙofa na ɗaga kai.

Na ce, "Alhaji, allon nan naka rana ta cinye shi. Na wuce shagon sau biyu ban gane ba." Gaskiya ne kuwa, na wuce.

Ya fito ya duba. Na ce, "Ga yaro yana sana'ar, kunya ce gare mu. Ka bari ya yi maka sabo, babba, daga nan har can, da hotonka na Makka a gefe. Sai dai ka zo da kanka ka ga launi, kada a yi maka kore ka ce shuɗi kake so."

Ya ce ai ba sai an wahala ba. Yana faɗa yana laluben hoton a waya.

Ya zo ran Alhamis bayan Azahar, da farar jallabiya da turare. Na san dalilinsa biyu ne, allo da kuma ganin shagon da idonsa. Na kawo masa lamurje mai sanyi. Fawaz ya durƙusa ya gaishe shi har goshinsa ya kusa taɓa siminti, ya buɗe aikin a gilashi. Alhaji ya ce a ƙara girman hoton. Aka ƙara. Ya ce a ƙara kaɗan. Aka ƙara. Ya ce bismillah, a buga.

Fawaz ya danna. Wani ɗan koren layi ya fito a gilashi, ya yi taku ɗaya, ya zauna.

Alhaji ya sha lamurje. Ya amsa waya, ya yi faɗa da wani a kan kaya a Tema, ya gama. Koren layi yana nan. Ya ja carbi. Ya tambaye ni lafiyar ƙafata, na ce da sauƙi. Ya sake tambaya ta lafiyar ƙafata. Aka kira La'asar, suka tafi masallaci, ni na yi tawa a bayan kanta. Suka dawo, inji ya fara motsi. Hular Alhaji ta fito, kyakkyawa. Goshi ya fito. Sai inji ya tsaya. Ya jira, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Da ido ya fito akwai layi a kansa, da hanci ya fito akwai biyu.

Alhaji ya miƙe. "Kai, yaro! Haka kake wa mutane aiki? Injin ne?"

"Inji lafiyarsa lau, Baba."

"To kwamfutar ce. Ni na san kwamfuta tun kana tsumma. Wannan ba ta da numfashi koraa, ko kaɗan. Wane mara tsoron Allah ne ya sayar maka da ita?"

Fawaz ya dubi ƙasa kamar an rubuta amsar a siminti. Alhaji ya juyo wurina. "Mma Abiba, ke kin san shi?"

Na ce, "Wani bawan Allah ne mai mutunci, Alhaji. Da kyakkyawar niyya ya bayar."

"Niyya! Niyya ce za ta buga allo? Ina take? Fito min da ita, yau sai na kai ta har ƙofar shagonsa."

Ya sunkuya da kansa ƙarƙashin tebur, ya ture fankar, ya jawo ta. A bayanta ga sitikan shagonsa, da sunansa, da lambar wayarsa. Ya daɗe yana karantawa, kamar sunan wani ne.

Ni dai na dubi titi. Wata mai ayaba tana wucewa, na bi ta da ido har ta sha kwana.

Can ya yi gyaran murya. "Wannan ai ta zuwa taro ce. Ba ta aikin ƙarfi ba ce. Me ya sa ba ka ce min aikin ƙarfi za ka yi ba?"

"Baba ne ya zaɓa."

"Lā haula. Ɗauko ta, ka sa hoton nan a filashi. Mma Abiba, taho, ke ce shaida." Kafin mu fita ya sa aka yanke ledar, ya naɗe hoton fuskarsa mai layi da kansa, ya matse ta a hammata. Bai bar ta a shagon ba.

Muka hau tasi. Da muka isa Circle ya wuce ciki kai tsaye, ya yaye leda daga kan wata ƙatuwar kwamfuta mai gefen gilashi. Ya kunna. Fitilu suka kama a cikinta, ja, kore, shuɗi, suna juyawa kamar motar amarya.

Ya ce, "To ga ƙarfi. Yaran da ke wasan bindiga a kwamfuta har layi suke yi su kalle ta. Ɗauki."

Na dubi Fawaz. Na san fuskar nan, ita yake yi in na zuba masa tuwon jiya. Bakinsa ya buɗe, na ga "na gode" tana tahowa. Na yi tari. Ban ce komai ba, tari ne, kowa yana yi.

Ya ce, "Baba."

"Na'am."

"Baba… a'a."

Yaran shagon suka daina abin da suke yi. Alhaji ya cire tabarau. "Me ka ce?"

"Ƙarfinta na wasa ne, Baba, duk a katin hoto yake. Rif ba ruwansa da wannan." Da ya fara sai ya kasa tsayawa, kamar famfon da ya daɗe ba ruwa. Wai shi furosesa mai ƙarfi yake so. Wai ram mai yawa, don babban hoto ya samu wurin miƙe ƙafa. Wai ma'ajiya mai sauri guda biyu, ɗaya ta manhaja ɗaya ta aiki. Wai ramin waya a baya wanda zai shiga inji kai tsaye, da akwati mai shan iska, don shago akwai zafi. Yana magana yana tafiya, har ya isa ƙarƙashin matakala inda aka jibge wasu baƙaƙe. Ya durƙusa ya karanta bayansu ɗaya ɗaya, ya jawo wata mai ƙura, gefenta a lotse.

"Wannan, Baba. In an ƙara mata ram."

Alhaji ya ce, "Wannan mummunar? Ko kyauta na ba mutum sai ya zage ni."

"A gwada ta, Baba."

Aka haɗa. Aka ƙara mata abin da ya ce. Ya zauna ya sa rif ɗinsa, ya ɗan daɗe, ya buɗe allon Alhaji daga filashi, ya danna. Na juya in gyara mayafina. Kafin in juyo koren layi ya kai bango.

Alhaji ya ce a sake, bai gani ba. Aka sake. Ya ce a gwada a mai fitilun ma. Aka gwada, ta yi, amma mummunar ta riga ta. Bai ji daɗi ba, kada in yi masa ƙarya. Ya mayar da ledar kan mai fitilunsa a hankali kamar yana rufa wa mara lafiya bargo. Ya ce da yaransa su sa baƙar a kwali, su karɓi laftof ɗin su mayar sama.

Fawaz ya ɗauki kwali ya yi gaba neman tasi. Ni na tsaya yin sallama. Alhaji yana tsaye a ƙofa, yana kallon bayan yaron.

Ya ce, "Mma Abiba, ɗan nan naki ashe yana da baki."

Na ce, "Sai an matsa, Alhaji."

"A cikin shagona. Gaban yarana." Ya girgiza kai. Na fara tunanin mun samu kwamfuta mun rasa amarya. Na kama salati a zuci.

Sai ya ce, "Ruhaina halin uwarta gare ta. In ya ce zai yi mata 'na gode' a kan komai, kafin shekara ta sayar da shi ta sayi firiji. Ki ce wa kawunsa ya zo ran Lahadi bayan La'asar."

Na ce, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji. Allah Ya ƙara girma."

"Amin. Kuma allon nan, a rage hoton kaɗan."

Na samu Fawaz a bakin titi ya rungume kwali, gumi har wuya. Ya ce, "Mma, me ya ce? Ya yi fushi?"

Na ce, "Ya yi. Matsa in shiga, kuma ka ce wa direba ya bi ta kasuwar Nima. Goro zan duba."