Motar Asibiti Ba Ta Ɗaukar Ɗan Rakiya

Shekara ashirin da biyu Albashir Illo ya yi yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu a sojan sama. Aikinsa ɗebo waɗanda aka raunata. A jirgi komai da nauyinsa. Majinyaci ya shiga, ma'aikacin jinya ya shiga, a rufe ƙofa. Wanda ya ƙaru a kan haka, rai ne ya rage wa wani.

Da ya ajiye kaki aka ba shi riƙon wani asibiti a Argungu. Gidansa yana Gesse, a Birnin Kebbi. Matarsa ta rasu, 'yarsa Riskuwa tana aure a Kaduna. Kullum da sassafe yake tuƙo kansa ya zo, da yamma ya koma. Ma'aikata suna gaishe shi a tsaye, ya wuce su ci gaba da hirarsu. Bai taɓa cin abinci da ɗayansu ba.

Makonsa na farko ya ga motar asibiti ta tashi da mutum bakwai, da tabarma, da tukunya. Ya kafa doka: majinyaci da nas kawai. Direban motar, Tamba, ya yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya ce nan ba haka ake yi ba. Albashir ya ce ba shawara ya nema ba.

Wata Talata aka kawo wani tsohon masunci daga Augie, sunansa Abu, ƙafarsa ta ruɓe daga saran ƙugiya. Likita ya ce sai babban asibiti a Birnin Kebbi. Matarsa Balaraba ta ɗauro ƙunshinta, ta sa ƙafa ɗaya a mota. Tamba ya dubi taga inda Albashir yake tsaye, ya sauke ta. Ba ta yi gardama ba. Ta tsaya bakin ƙofa riƙe da buta har motar ta ɓace.

Washegari da safe, tun da hanyarsa ce, Albashir ya biya babban asibitin ya ga ko an karɓi majinyacin yadda ya kamata. An karɓe shi. An yi masa aiki, an rubuta komai daidai. Amma kowane gado akwai mai zama a gindinsa, wannan tana fifita, wancan yana wanke kwano, wata tana tallafe da kan mijinta. Gadon Abu kaɗai ba kowa. Zanensa a jiƙe, leɓensa a bushe. Nas ta ce su magani suke bayarwa. Ci da wanka da kai mutum bayi aikin ɗan jinya ne. Tun jiya tsohon bai sa komai a bakinsa ba. Maƙwabta sun miƙa masa, ya juya fuska bango. Ta ce idan ya ci gaba da haka, ciwon ba zai haɗe ba.

Albashir ya taɓa kwanciya a asibitin soja. Can gwamnati ke ciyarwa, gwamnati ke wanki. Bai taɓa tunanin akwai wani tsari ba wannan ba.

Ya fita ya sayo kunu. Ya naɗe hannun riga, ya ɗago tsohon, ya canja masa zane. Abu ya kurɓi cokali uku ya kawar da kai.

"Ina Balaraba?"

"Za ta zo."

"Ba ta san Birni ba. Ba ta taɓa wuce Argungu ba."

Albashir ya shiga motarsa. Ya wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore dama da hagu, bai kalle ta ba. A Argungu mai gadi ya ce tsohuwar a barandar asibiti ta kwana, da gari ya waye ta tambayi inda tasha take. Ya je tasha. Aka ce wata mai buta ta shiga motar farko. Ke nan sun yi saɓani a hanya.

Bayan azahar ya komo babban asibitin. Tun daga ƙofar ɗaki ya hango ta. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadon, tana dama fura, tana yi wa tsohon faɗa a hankali a kan ƙugiyar da ta ce ya bari tun bara. Shi kuwa yana sha, yana ce mata ta cika magana, kifin da take ci daga sama yake faɗowa? Ta ce ko ya faɗo ba da ƙafa ɗaya za a tsince shi ba.

Abu ya nuna shi da haɓa. "Wanga bawan Allah shi ya ba ni kunu."

Balaraba ba ta gane shi ba. Ta taga ta gan shi jiya, in ma ta gan shi. Ta rusuna ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta miƙa masa ludayin fura. Ya ce ya ƙoshi.

"Malam, kai wa kaka jinya nan?"

"Ba kowa, Inna."

"To Allah shi ba ka mai yi maka."

Ya amsa da amin. Ya ɗan ƙara tsayuwa, amma sun koma maganarsu.

A waje ya kira Tamba, ya ce daga yau a bar mutum ɗaya ya shiga, da tabarmarsa. Tamba ya ce to, ranka shi daɗe, ya jira ko akwai ƙari. Babu. Albashir ya kashe waya, ya kama hanyar Gesse.