Wanda Ya Fara Shafi

Tun rasuwar Mama, Baba ya daina fita. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, kullum jan biro a aljihu, sai ga shi zaune yana kallon bango. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je laburare, inda 'yan sa-kai ke haɗuwa ran Asabar suna gyara kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Na san halinsa sarai. A kunyata shi sau ɗaya, shi ke nan, ya koma ɗaki.

Ana ba shi kwamfuta ya buɗe shafin Turanci kan tattabaru, tsuntsayen da Mama take kiwo. Ya ja tsaki.

"Wane ne ya rubuta wannan? Duk ya cinye haruffa!"

Ya bi kalma-kalma yana mai da su irin Turancin da ya koya. Alhali wancan rubutun ma daidai ne, Turancin wata ƙasa ne kawai. Sai ga shugabar zaman, Anti Gilashi, ta leƙo. Na ce yau mun shiga uku.

Ba ta taɓa komai ba. Kujera ta jawo.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka ga waɗanda suka riga ka?"

Ta buɗe tarihin shafin. Ikon Allah! Ana ja ƙasa, mutane ba sa ƙarewa. Wannan ya ƙara hoto, wancan ya gyara waƙafi, shekara da shekaru, babu wanda ya san fuskar wani. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi.

"A nan, wanda ya fara shafi, salonsa ake bi," in ji ta. "Kamar ka shiga gidan mutum ne, ba ka juya masa kujeru."

Baba ya jawo kwamfutar gabansa. Da hannunsa ya mayar da komai yadda ya tarar, sannan ya ce, "To ni ina nawa gidan?"

Ta buɗe masa farin shafi. Ya rubuta yadda ake gina akurkin tattabaru, irin wanda Mama ta yi a bayan kicin.

Asabar ta zagayo, na same shi bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, wai ni ce mai nawa. Muna buɗe shafin, ashe wani daga ƙetaren teku ya ƙara sakin layi guda, kuma da Turancin Baba ya rubuta shi.

Baba ya cire tabarau ya goge ido.

"Bai san ni ba fa," ya ce. "Bai san ta ba."

Ya jawo kujera ya zauna.