Geron Kawu Kalilu

Tun da aka ce Kamaluddeen zai zo Turba da jirgi mai saukar ungulu, Malam Kalilu bai sake zama wuri ɗaya ba. Ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa ya tashi, yanzu kuwa ya zama babban ɗan kasuwa a Abuja. Hanyar garin Isa ba lafiya saboda 'yan bindiga, shi ya sa ya yi hayar ɗan jirgin, wani abu ƙarami kamar keken ɗinki mai fanka a ka.

Abin da ke cin ran Kalilu ɗaya ne. Shekara da shekaru yaron nan bai ci geron gonarsa ba. Ya aiko kuɗi, ya aiko shadda, amma ko ƙwaya ba ya karɓa. To yau ga shi har gida, kuma wai bayan Azahar zai juya.

Aka ci, aka sha, Kalilu ya sa aka fito da gero buhu biyu. Matuƙin jirgin, wani dogo mai baƙin tabarau, ya girgiza kai.

"Baba, ba zai ɗauka ba. Rana ta yi zafi, iska ba ta da ƙarfi, mu biyu ma da ƙyar."

"Ji wanga! Jakina shina ɗaukar biyu, balle abin da ka tashi sama?"

Kamaluddeen ya yi dariya ya ce, "Kawu, ka bar shi, wata rana."

Wata rana! Kalmar ta soki Kalilu, har idonsa ya ciko. Baƙo ya bar gidansa hannu rabbana, ɗansa kuma, a gaban duk Turba? Ina!

Da aka tafi masallaci sai Kalilu ya ce alwalarsa ta karye. Ya kira maƙwabcinsa Illo, suka kinkimo buhunan, suka ɗaure su tamau da igiyar guga a ƙafar jirgin ta baya. Da aka dawo, 'yan rakiya suka yi cincirindo, Kalilu ya tsaya daidai wurin ya baza babbar riga yana ta addu'a. Sai da fankar ta fara juyi sannan ya ja da baya.

Jirgi ya yi gurnani, ya ɗaga kamar tsayin rumbu, ya karkace, ya yi juyi biyu, sai rim! cikin gonar dawa. Fanka ta yanke karare ta lanƙwashe. Mata suka saka salati. Can sai ga matuƙi ya rarrafo ba tabarau, Kamaluddeen na biye, hula a hannu, ko ƙwarzane babu.

Nan fa kowa ya zama masani. Wani ya ce man jabu aka zuba. Liman ya ce ba su yi addu'ar tafiya ba. Wata tsohuwa ta rantse aljanin tsamiya ne. Matuƙi dai igiyar guga kawai yake kallo yana huci.

Masu gyara suka ce sai sun samu rakiyar jami'an tsaro za su zo, don haka baƙi suka kwana, suka sake kwana. Fatu, matar Kalilu, ta tuƙa tuwo daga buhun da ya fashe a faɗuwar jirgin. Kalilu ya rakuɓe nesa, kunya da tsoro sun hana shi ɗaga kai.

Kamaluddeen ya cinye malmala, ya miƙa kwano a ƙara masa.

"Kawu," ya ce, "geron bana akwai nauyi."

Kalilu ya matso, ya gyara zama.

"Ai na gaya ma wancan dogon. Ci, ɗana, akwai saura."