Kujerar Mordecai a Bakin Ƙofa

"Ɗaga jaridar sama kaɗan, Dattijo, ba na gani," in ji Mordecai.

Dattijo Choji ya ɗaga cike da ɗoki. Haka Dinatu ta shigo da kofin kunu ta same su. Mijinta yana kwance a gadon da asibiti suka kawo falo, robar iska a hanci, ƙashin wuya duk a waje. Shi kuma babban dattijon ikilisiya ya durƙusa a gefe ya baje masa shafin tseren dawaki, sai ka rantse Zabura yake karanta masa.

"Wannan da kowa ke rububi, Brass Lantern, rabu da shi," in ji Mordecai, yana tsayawa yana jan numfashi. "Kwana uku ana ruwa, fili ya zama taɓo. Shi kuwa ɗan gayu ne, sai busasshiyar ƙasa. Ga nauyi sun jibga masa. Mil uku ne fa, shinge ashirin. In ya kai na sha bakwai zai fara neman uwarsa."

"To wanne, Baban Sharon? Wanne?"

Dinatu ta dire kofin da ƙarfi har kunu ya fantsama a jaridar.

"Dattijo, ina wuni. Ashe gaisuwar mara lafiya ka zo."

"Maman Sharon, ai hira muke, don ya ɗan sake."

"Jibi Laraba dattawa za ku zauna. Ka yi magana a can tukuna, sannan ka dawo a ba ka doki."

Bari in koma da ku baya, don ku san maganar da take nufi. Mordecai Katung direban bas ne, shekara ashirin da shida yana hawa da sauka a titin Old Kent Road na London. Ubansa mai kula da barga ne a filin sukuwa na Kaduna, don haka tun yana yaro ya san ƙafar doki fiye da yadda ya san fuskar danginsa. Da ya zo London ya ga dawakin da ke tsallake shinge cikin sanyi da laka, shi ke nan, zuciya ta tafi. Littattafan makaranta yake saye yana cikawa: wane doki ne ya faɗi a fitowarsa ta baya, wanne ya huta wata biyu, wanne ke karkata hagu in zai yi tsalle, wanne mahayinsa ke saurin kai bulala. Amma ko sau ɗaya bai taɓa sa kuɗinsa ba. Cewa yake in ka sa kuɗi, ido ya daina ganin doki, sai aljihu.

Mai sa kuɗin Choji ne. To dattijo guda, mai riƙe jakar baiko, ta karɓar sadakar majami'a, ranar Lahadi, ina zai shiga shagon caca da rana tsaka? Sai ya rubuta sunan dokin a bayan ambulan, ya sa abin da zai sa a ciki, Mordecai ya kai masa. Wata Asabar, shekara huɗu ke nan, wata tsohuwa ta fito sayen doya ta leƙa ta gilashi, ta ga Mordecai a gaban kanta da ɗan biron shagon a hannu. Kafin doyar ta dahu labari ya kai gidan Fasto. Ba zan faɗi sunan tsohuwar ba. Tana da ciwon gwiwa, ƙofarta na kallon tasu Dinatu, kuma ba don jin daɗi take ba ku wannan labari ba.

Ikilisiya ta sa Mordecai horo. Ba cin gurasar jibin Ubangiji, ba riƙe komai a sujada, sai kujerar roba guda ɗaya can baya a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa duk wanda ya buɗe. Majami'ar tamu tsohon sito ne na tayil, sanyinta ba a magana. Aka ce ya fito gaban jama'a ya tuba a maido shi. Ya ce ba zai tuba da ƙarya ba. Aka ce to me ya kai shi? Ya ƙi faɗa. Choji na zaune cikin masu tambayar, yana gyara tabarau.

Dinatu ta yi kuka, ta yi zagi, ta yi yaji zuwa Lewisham gidan ƙanwarta ta dawo. Amsarsa ɗaya ce: "Ranar da na sauka a garin nan ba ni da kowa. Choji ne ya shimfiɗa mini katifa a Peckham, wata takwas. Shi zai faɗa da bakinsa."

Yanzu likita ya ce makonni biyu, in an yi sa'a. Kuma kowa ya san dokar: wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da gawarsa majami'a, matan zumunta ba sa ɗaura masa zane, ba sa yi masa waƙa. Abin da ya hana Dinatu barci ke nan. Ba mutuwar ba. Ita mutuwar, Dinatu ta riga ta karɓe ta tun watan Janairu.

"Zan yi magana," in ji Choji, yana goge kunu daga jaridar da hankici. "Haba Maman Sharon. Abin yana son hikima ne kawai."

"Shekara huɗu kana dafa hikimar nan, ba ta nuna ba?"

"Grey Lodger," in ji Mordecai daga gado.

Dinatu ta juyo kamar an mare ta. "Baban Sharon!"

"Grey Lodger. Kowa ya guje shi don ya faɗi a Disamba. Ba laifinsa ba ne, wani ne ya gitta masa a sama. Na kalla sau uku. Yana son taɓo, ƙafarsa faffaɗa, kuma an rage masa nauyi. Ba shi da gudu, amma ba ya gajiya."

Choji ya rubuta, ya yi wata gajeriyar addu'a, ya fita yana ɗaura maɓallin kwat. Ko kunun bai tsaya an ba mara lafiya a gabansa ba.

"Da ka ba shi gurgu," in ji Dinatu. "Da ka ba shi wanda zai faɗi a shingen farko ya karya masa zuciya."

"Ban taɓa yi wa doki ƙarya ba, Dinatu."

"Sai ni za ka bari da kunya."

Ya buɗe baki ta ba shi kunu cokali uku, na huɗu ya kau da kai.

Ranar Laraba da yamma dattawa suka zauna. Washegari da safe Fasto ya yi waya, Dinatu ta sa a sifika don mai gidan ya ji da kunnensa. Muryar Fasto taushi kamar burodi. Ya ce an tattauna cikin ƙauna. Ya ce ƙofa a buɗe take, Ɗan'uwa Mordecai ya zo ranar Lahadi ya tsaya gaban ikilisiya ya furta, minti biyu kawai.

"Fasto, mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida, shi zai tsaya?"

"Ko a keken guragu ne, Mama. Tsari ne, ba mu muka kafa ba."

"Dattijo Choji fa? Me ya ce?"

"Ai shi ya rufe mana da addu'a. Har ya yi hawaye."

Ta kashe wayar. Mordecai yana kallon silin. Can ya ce, "Ƙarfe uku da rabi dawakin za su tashi. Ki juyo mini talabijin."

Ta so ta ɗauki talabijin ɗin ta wurga ta taga, daga hawa na huɗu. Amma ta juyo masa. Ta ƙara masa matashi, ta zauna a bakin gado, karo na farko a aurensu da ta kalli abin nan da idonta. Ruwa ake zubawa a filin. Dawaki sha huɗu, mahaya duk laka ta shafe launin rigunansu. Brass Lantern na gaba yana taƙama. Grey Lodger, wani fari-fari mai ƙaton kai, yana can baya, yana tafiya kamar an aike shi ba ya so.

"Shi ne wancan? Wannan jakin?"

"Bar shi," in ji Mordecai. "Ki ƙirga shinge."

Ta ƙirga. A na sha shida Brass Lantern ya daki shinge da ƙirji, ya fara ja da baya. Mai ƙaton kan nan ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, bai ƙara sauri ba, su ne suka rage. A shingen ƙarshe ya tashi sama cak, ya dira shi kaɗai. Dinatu ta ji yatsun mijinta sun matse nata, ƙarfin da ta ɗauka ya ƙare tuni.

"Na ce sha bakwai," in ji shi. "Na yi kuskure da ɗaya."

Wayarsa ta yi ta ruri a kan tebur, sunan Choji na haske. Ba wanda ya ɗauka.

Ranar Juma'a da hantsi, nas tana cikin wanke hannu a kicin, Mordecai ya cika. Tagar a buɗe take kaɗan, bas mai lamba hamsin da uku tana huci a tasha.

Jana'izar ba ta kai a ba da labari ba. Daga wurin ajiye gawa aka wuce maƙabarta kai tsaye. Fasto ya zo da rigar sanyi, ba farar kwalar fastoci a wuya, ya yi addu'ar da ba ta kai tafasa ruwan shayi ba. Matan zumunta suka zo cikin kayan gida, kowa na kallon takalminta. 'Yarsu Sharon ta taso daga Manchester tana ta tambayar uwar da Turanci, ina waƙar, me ya sa ba waƙa? Direbobin bas guda shida, biyu 'yan Jamaika, su suka ɗauki akwatin. Choji ya kawo katan biyu na maltina gidan makoki, ya riƙe hannun Dinatu ya ce Allah ne mai shari'a. Takalminsa sabo ne. Tsohuwar nan mai ciwon gwiwa ta lura, don ba ta iya daina lura ba.

Bayan sati biyu Dinatu tana kwashe littattafan za ta zuba a shara, sai ambulan suka zubo daga cikin na ƙarshe. Ambulan ɗin baiko ne, masu hatimin ikilisiya, an ɗaure da roba. A bayan kowane akwai sunan doki da kwanan wata, da rubutun nan mai kwanciya da duk wanda ya taɓa karanta sanarwar majami'a ya sani. Ashe Mordecai bai yar ba ko ɗaya. Ya ajiye, bai nuna ba. Ta zauna a ƙasa ta daɗe, ta rasa ko shi za ta zaga ko kanta.

Ranar Lahadi ta ɗaura zanen zumunta, ita kaɗai, ba ranar ɗaurawa ba. Ta wuce layin mata ta je can baya ta zauna a kujerar roba ta bakin ƙofa. Da jakar baiko ta zagayo, Choji ne ke riƙe da ita. Ta ciro ƙunshin ta saka a hankali, tana kallon cikin idonsa. Bai iya cirewa ba, jama'a na waƙa suna kallo.

Bayan sujada dattawa biyar da Fasto suka shiga ɗan ɗakin da suke buɗe ambulan, suka rufe. Mutane suka watse. Dinatu ba ta tashi ba. Bangon ɗakin katako ne, ana jin su suna raha. Sai rahar ta yanke. Wani ya yi tari. Wani ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Sannan aka yi dariya, ba ta mutum ɗaya ba, irin ta waɗanda suka daɗe da sanin juna da rufa wa juna asiri.

Ta sa hannu ƙarƙashin kujerar za ta ja ta miƙe, yatsunta suka taɓo wani abu a maƙale a tsagar robar. Ɗan guntun biron mijinta ne, shuɗi irin na shagon caca, an tauna kansa. Ta riƙe shi a cinya. Mai shara ya buɗe ƙofa, iska ta shigo ta ɗaga gefen zanenta.