Sakin Layi na Huɗu

Malama na cikin rubuta "Yadda ake kafa hujja" a allo sai ta ji dariya ta ɓarke a ajin da ke kusa da nata. Ta juyo ta ƙirga ɗalibanta. Goma sha ɗaya. A farkon zangon karatu su sittin ne.

Shekara ashirin da biyu tana koyar da rubutun maƙala da dabarun bincike a jami'ar nan. Bana aka raba darasin gida biyu, aka ba wani sabon malami rabi, mutumin da ko furfura ɗaya ba shi da ita. Ɗalibai suna ce masa Me-ya-sa, don ba ka faɗin magana a gabansa bai nemi dalili ba. Tun daga nan kujerun ajinta suka fara yin ƙafa.

Ta sallami ajin lokaci bai cika ba. Da ta zo wucewa ta tagar ajinsa ta yi niyyar kau da kai, amma ido ba ya jin magana. Can a layin gaba ta hango Autarta, hannu a sama, har tana ɗagawa daga kujera don a kira ta. Yarinyar da a gida sai an yi da gaske take buɗe littafi!

Da la'asar Auta ta shigo ofis don su tafi gida tare.

"Yaushe kika koma can?"

"Kai Mama, ai ke ina da ke a gida."

"A gidan yaushe rabon da ki tambaye ni ko da waƙafi? Miƙo abin da kika rubuta masa."

Maƙalar a kan dalilin da ya sa ɗalibai suka ƙaurace wa laburare ce. Malama ta zare murfin jan bironta. Tambayar binciken a fili take. Auta ta zanta da mutum talatin, kuma duk maganar da ta aro ta faɗi mai ita, da shekara, da shafi. Biron ya yi ta shawagi bai sami wurin sauka ba, ran Malama na ƙara ɓaci.

Sai a sakin layi na huɗu ta samu. Jimloli dogaye, kalmomi manya, hujja babu. Ta zagaye shi da ja, har takardar ta kusa hujewa.

"Abin da yake koya muku ke nan? 'Sanin kowa ne.' Wane ne kowa? Ina kika gan shi? Ganga ce kawai, sai ƙara, ciki fayau!"

Auta ta sunkuyar da kai. "Shi ma haka ya ce. Sau biyu yana cewa in cire."

"To me ya hana ki?"

"Daga gabatarwar littafinki na ɗauko, Mama. Ga sunanki nan a ƙasa. Na ce masa wannan kam ba zan cire ba, ko zai rage mini maki."

Malama ta duba ƙasan shafin. Sunanta ne, da shekara, da shafi na uku, komai a inda ya kamata. Ta sake karanta sakin layin a hankali, tun daga farko har ƙarshe.

"Ya san nawa ne?"

"Ya ga sunan. Bai ce komai ba."

Malama ta ja layi ɗaya ta soke sakin layin duka, ta miƙa wa Auta takardar.

"Cire shi," in ji ta, tana laluben makullin mota a jaka. "Amma kada ki kuskura ki ce masa ni na ce."